Banki ko kasuwar hannun jari: wa ke ɗaukar asara ranar da kowa ke son kuɗinsa?

Nazifi Gwammaja:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambaya ce gare ni ga manyanmu. Banki yana karɓar ajiyar da mai ita zai iya zuwa ya cire gobe da safe, ya ɗauke ta ya bai wa kamfani bashin shekara biyar. Kasuwar hannayen jari ma haka take: masana'anta za ta yi shekara talatin tana aiki, amma mai hannun jari a cikinta yana iya sayarwa yau. Alkawarin ɗaya ne, wato kuɗinka na can na dogon aiki, in ka matsu kuma za ka samu. To ranar da masu matsuwa suka yi yawa, wa ke ɗaukar asarar? Kuma da gaske ne wai 'yan baya ake tura wa asarar?

Malam Habibu Fagge:
Wa alaikumus salam. Nazifi, fara da lissafin zamani ɗaya kafin ka je ga 'yan baya. Tsarin da masana tattalin arziki Diamond da Dybvig suka fitar a 1983 ke nan, wanda ya ba su lambar Nobel a 2022 tare da Bernanke. Bari in sa shi a naira.

Mutum 100, kowa da naira 100,000, jimla miliyan 10. Akwai sana'ar da in an bar kuɗi a cikinta shekara biyu zai ninka, in aka fasa ta a shekara ɗaya kuwa uwar kuɗi kawai za a tsira da ita. An san wajen mutum 25 za su matsu a shekarar farko, rashin lafiya ko aure ko kuɗin makaranta, amma ba wanda ya san su waye. In kowa ya yi ta kansa, wanda ya matsu ya tashi da 100,000, wanda ya jure ya tashi da 200,000.

In suka haɗa a banki, sai banki ya ce duk wanda ya zo a shekarar farko zai ba shi 128,000. Mutum 25 sun kwashe miliyan 3.2. Saura miliyan 6.8, ta ninka ta zama 13.6, a raba wa mutum 75, kowa ya sami 181,000 da 'yan kai. Masu haƙuri sun sarayar da kusan 19,000 kowannensu don a tallafi waɗanda ƙaddara ta faɗa wa, kuma kowa ya yarda tun farko domin bai san ɓangaren da zai faɗa ba.

Inda abin ke lalacewa: in jita-jita ta tashi duk mutum 100 suka zo rana ɗaya, miliyan 10 a raba 128,000 mutum 78 kawai za ta biya. Mutum 22 na ƙarshen layi su koma hannu rabbana. Bankin bai ci amanar kowa ba, bashinsa ma lafiyayye ne. Tsoron zama na ƙarshen layi shi kaɗai ya isa ya kayar da shi.

Hajiya Rabi Tarauni:
Malam Habibu ya aza harsashi, sai dai banki na gaske ba ya rufewa bayan shekara biyu. A shekarar da mutum 25 ɗin nan ke cirewa, wasu sababbin mutum 100 suna shigowa da tasu miliyan 10: matasan da suka fara ɗaukar albashi, yaran kanti da aka sallama suka buɗe nasu shagon. Sai banki ya biya miliyan 3.2 ɗin daga sabuwar ajiya, bai taɓa doguwar sana'ar ba, ta nuna ta ba da ribarta cikakkiya. Nan ne zamani ke shigowa. Kowace tsara tana sallamar wadda ta gabace ta, tana jiran ta bayanta ta sallame ta.

Sadiq Hotoro:
Hajiya, Allah ya ba ki haƙuri, amma wannan ba shi ne MMM ba, tsarin nan na zuba kuɗi a ci riba mai yawa? Kuɗin sabo a biya tsoho.

Hajiya Rabi Tarauni:
A'a ɗana. MMM da ta daskarar da kuɗin mutane a Disambar 2016 ba ta da komai a bayanta, ribar da take alkawari daga aljihun sabon shiga take fitowa. Banki yana da bashin da ake biyansa, da takardun lamunin gwamnati, da jarin masu shi. Sabuwar ajiya lokaci kawai take saya masa, riba kuwa daga sana'ar take zuwa. Amma tambayarka ba ta banza ba ce. Ranar da basussukan banki suka ruɓe ya ci gaba da biyan tsofaffi da kuɗin sababbi yana ɓoye ramin, to ya fara kama da abin da ka faɗa. Shi ya sa masu binciken Babban Banki ke zama a kan littafin bashi fiye da komai.

Alhaji Kabiru Bompai:
Bari in shigo ta ɓangaren kasuwa, don kada a ɗauka ita ba ta dogara da 'yan baya. Ta dogara ƙwarai. Dattijon da ya tara hannun jari shekara talatin, wa zai sayar wa in ba matashin da ke da rarar kuɗi ba? Bambancin a farashi yake. Banki ya yi maka alkawarin adadi, kasuwa ba ta yi ba. In masu saye na da kuɗi a shekarar da za ka sayar, ka dace. In aljihunsu ya bushe, kai kaɗai za ka sha, ba a raba asarar da wanda ya sayar bara ko wanda zai sayar baɗi.

Ga shi a tarihinmu. Ma'aunin kasuwar Najeriya ya kai wajen maki 66,000 a Maris ɗin 2008. Farkon 2009 ya sauko wajen 20,000, kusan kashi 70 cikin 100 ya tafi. Bai sake taka 66,000 ba sai Agustan 2023. Shekara 15. Kuma a 2008 dala tana wajen naira 118, a Agustan 2023 ta haura 700. Mutum biyu masu irin hannun jari ɗaya, ɗaya ya yi ritaya ya sayar a ƙarshen 2007, ɗaya a 2009, ba wanda ya fi wani wayo, shekarar haihuwa ce ta raba su. Wanda kuma ya shigo da kuɗi a 2009 ya tsinci dami a kala, ya ga ma'aunin ya haura 100,000 a Janairun 2024.

Sai abin da mutane ba sa lura da shi sai ranar ta zo. Farashin hannun jari ba ya motsawa fiye da kashi 10 a rana, sama ko ƙasa. Ana ganin kariya ce. Amma in kowa na son fita, za ka ga miliyoyin hannaye a layin sayarwa, layin saye fayau. Dillalinka ya sa odarka, ba ta fita ba, gobe farashi ya sake sauka kashi 10. Kwana biyar a jere haka, naira 100 ta koma 59, kai kuma ko sisi bai shigo hannunka ba. A 2008 har an taɓa ƙayyade faɗuwar zuwa kashi 1 a rana na ɗan lokaci, abin da ya haifar shi ne cinikin ya ƙafe, don ba mai saye a farashin da ya san na bogi ne. Ko odar ta fita, kuɗin ba a ranar yake shiga asusunka ba, sai an kammala musaya ta CSCS, kamfanin da ke ajiye rajistar hannayen jari, bayan kwanakin aiki.

Nazifi Gwammaja:
Ke nan Alhaji banki ya fi?

Alhaji Kabiru Bompai:
Ban ce ba. Kasuwa tana gaya maka asararka a fuskarka ranar da ta faru. Ta banki sai an jima ake sanin inda aka kai ta.

Dakta Aminu Kabuga:
Abin da Alhaji ya taɓo shi ne hujjar masana tattalin arziki Allen da Gale a 1997. Akwai haɗarin da ake magancewa da rarraba kuɗi a kamfanoni daban-daban. Akwai kuma wanda ke dukan tsara guda gaba ɗaya, kamar faɗuwar man fetur ko karyewar kuɗin ƙasa, wanda ko kamfani ɗari ka saya duk tare za su faɗi. Wannan ba a raba shi tsakanin mutanen zamani ɗaya, sai dai tsakanin zamani da zamani. Kasuwa ba za ta iya ba, domin wanda ba a haifa ba ba zai zo ya sa hannu a yarjejeniya ba. Cibiya mai tsawon rai irin banki ita ke iyawa: ta riƙe wani abu a shekarar yalwa, ta fitar a shekarar fari, tamkar rumbun gandu da kaka ya cika jika ya ci.

A dokar bankunanmu abin a rubuce yake. Banki yana zuba kashi 30 na ribarsa bayan haraji a asusun ajiyar doka muddin asusun bai kai jarin da aka biya ba, in ya kai sai ya koma kashi 15. Ba a raba wannan kuɗin. Ga kason ajiyar mutane da Babban Banki ke riƙewa a wurinsa, wanda aka kai kashi 50 a 2024. Ga sharaɗin cewa aƙalla kashi 30 ya kasance a kadarar da ake mayarwa kuɗi nan take. Ga kuɗin inshorar da bankuna ke biyan NDIC, hukumar inshorar ajiyar banki, duk shekara tun da aka kafa ta a 1988. Da aka soke lasisin Heritage Bank a ranar 3 ga Yunin 2024, asusun da aka daɗe ana tarawa aka buɗe aka biya masu ajiya.

Raunin tsarin kuma su ma marubutan sun faɗe shi. Rumbun yana cika ne in mutanen shekarar yalwa sun yarda a ba su ƙasa da abin da aka samu. In ga kasuwa a gefe tana ba da kashi 40 banki na ba da 8, masu kuɗi za su kwashe su tafi can. Masu hannun jarin bankin su ma su matsa a raba musu riba. Gasa da kasuwa tana cinye ikon banki na yi wa 'yan baya tanadi.

Malam Habibu Fagge:
Dakta, a ƙara da iyakar inshorar don kada wani ya kwanta da saleɓa. A 2024 aka ɗaga ta daga naira 500,000 zuwa miliyan 5 a bankunan kasuwanci, na ƙananan bankuna daga 200,000 zuwa miliyan 2. Kuma lissafin kowane mutum ne a kowane banki, ba kowane asusu ba. Ɗan kasuwar Kwari mai miliyan 20 a banki ɗaya, ko asusu huɗu ya raba ta da sunansa, miliyan 5 zai fara karɓa. Miliyan 15 sai an sayar da kadarorin bankin an karɓo basussuka, a riƙa biyansa kaɗan-kaɗan, ba wanda zai ba shi rana. Biyan farko ta BVN, lambar shaidarka ta banki, ake bi a tura wa asusunka na wani bankin, don haka wanda sunansa ya saɓa tsakanin takardunsa shi ke daɗewa a layi.

Injiniya Bashir Sharaɗa:
Ni inda ban gamsu ba shi ne yadda ake maganar banki da kasuwa kamar gida biyu ne daban. A nan ƙasar igiya ɗaya ta ɗaure su. Lokacin da Soludo ke gwamnan Babban Banki an ɗaga jarin banki daga biliyan 2 zuwa biliyan 25, bankuna 89 suka koma 25 a ƙarshen 2005. Har Bank of the North namu na Kano ya narke cikin Unity Bank. Ina aka samo jarin? A kasuwar hannun jari. Daga nan bankunan suka juya suna ba mutane bashi su sayi hannun jari, galibi na bankuna, jinginar kuma hannun jarin ne da kansa.

Duba yadda yake kashe mutum. Ka kawo miliyan 3, banki ya ƙara maka 7, ka sayi na miliyan 10. Farashi ya sauka kashi 30, kayanka sun koma miliyan 7, naka ya ƙone ƙurmus, saura na banki. Banki ya ce ka ciko ko ya sayar. Ba ka da shi, ya zuba a kasuwa. Duk bankuna suna yin haka lokaci ɗaya, ga 'yan ƙasashen waje na janye kuɗinsu saboda rikicin kuɗi na Amurka, farashi ya ƙara rugujewa, jinginar kowa ta ƙara lalacewa. Wanda ya kamata ya zama rumbu shi ne ya fi kowa zuba kaya a kasuwa.

Hajiya Rabi Tarauni:
Kuma daga nan aka ga amsar tambayar Nazifi ƙuru-ƙuru. Ranar 14 ga Agustan 2009 Sanusi Lamido Sanusi, yana gwamnan Babban Banki, ya sauke shugabannin bankuna biyar ya zuba musu naira biliyan 420, daga baya jimlar ta kai biliyan 620. A 2010 aka kafa hukumar AMCON ta saye ruɓaɓɓun basussuka. A Agustan 2011 aka karɓe Afribank da Bank PHB da Spring Bank, suka koma Mainstreet da Keystone da Enterprise. Masu ajiya a cikinsu ba su rasa kwabo ba. Masu hannun jarinsu kuwa takarda kawai aka bar su da ita.

Ramin bai ɓace ba fa. Bankuna na biyan rabin kashi ɗaya na ɗaukacin kadarorinsu duk shekara don cike bashin AMCON. Ina suke samowa? A kuɗin ruwan da suke cajin mai karɓar bashi yau, da ribar da ba su bai wa mai ajiya ba. Yaron da ke aji uku a firamare a 2009, yau in ya nemi bashin injin niƙa, yana cikin masu biya. Dakta ya yi maganar kaka ya tara jika ya ci. Wannan kaka ne ya ci, aka rubuta wa jika.

Dakta Aminu Kabuga:
Haka ne Hajiya, hanyar tana bin gaba da baya. Amma a yi adalci: da an bar bankunan sun rufe, jikan zai gaji abin da ya fi haka muni. Muhawarar ita ce nawa ne daidai a tura masa, kuma wa ya wakilce shi ranar da aka yanke.

Sadiq Hotoro:
Ni fa ban yarda mai ajiya bai yi asara ba. A ƙarshen 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8. Ƙa'idar Babban Banki ita ce asusun tara kuɗi ya sami aƙalla kashi 30 na ma'aunin kuɗin ruwansa, wanda ke 27.5 a lokacin, wato kashi 8 da kwata. Miliyan ɗaya ta zama miliyan 1.08 a takarda, a kasuwar Singa kuwa kayan da take saye sun ragu da kusan kashi 20. Banki ya cika alkawarin adadi, buhun shinkafa bai san da alkawarin ba.

Alhaji Kabiru Bompai:
Yauwa Sadiq. Shi ya sa ɗan Dawanau ya gwammace ya tara riɗi da waken suya a sito. Sai dai shi ma haɗarin bai bar shi ba, in ya matsu a lokacin kaka da kowa ke fitar da kaya, a farashin ranar zai sayar.

Ustaz Mukhtar Gwale:
Jama'a da yawa a garin nan ba sa karɓar kuɗin ruwa sam, don haka a duba bankunan da ba sa ta'ammali da shi, irin Jaiz da ya fara a 2012, da TAJ da Lotus. Asusun yau da kullum a wurinsu rance ne ko amana, banki ya lamunce adadin. Asusun mudaraba kuwa riba ake rabawa, in an yi asara ba da sakacin banki ba mai kuɗi ke ɗauka. A ƙa'ida ke nan ya fi kusa da kasuwa.

A aikace irin waɗannan bankuna a duniya suna ware asusu biyu. Ɗaya ana cire shi daga riba kafin a raba tsakanin banki da masu kuɗi, don a daidaita abin da ake bayarwa wata zuwa wata. Ɗayan daga kason masu kuɗin kaɗai ake cira, don ranar da uwar kuɗi ta taɓu. Abin da Dakta ya bayyana ke nan. Mas'alar fiƙihun ita ce: wanda aka rage wa riba bana ya rufe asusunsa baɗi, haƙƙinsa na cikin asusun fa? Maganin da aka saba shi ne sharaɗin yafewa a takardar buɗe asusu, kowa ya yafe wa na bayansa. A karanta wannan sakin kafin a sa hannu.

Matsalarsu ta biyu, ba sa iya ajiye rarar kuɗi a takardun baitulmali masu ruwa, ba sa kuma iya rancen dare ɗaya da ruwa. Sukuk ɗin gwamnatin tarayya, wato takardar zuba jari marar ruwa, da aka fara a 2017 da naira biliyan 100 ya taimaka, amma na dogon wa'adi ne, kuma masu shi ba sa son sayarwa. Dole su riƙe tsabar kuɗi mai yawa zaune, wanda ke rage ribar masu mudaraba.

Nazifi Gwammaja:
Allah ya gafarta Malam, an gode. Fansho fa, ina ya faɗa?

Malam Habibu Fagge:
Tsohon tsari, ma'aikacin yau ke biyan ɗan fanshon yau ta hanyar kasafin gwamnati, in kasafi ya gaza bashi ya taru. Dokar 2004 da aka sabunta a 2014 ta mayar da shi asusun kowa da kansa, ma'aikaci kashi 8, mai aiki kashi 10. An yanke igiyar da ke tsakanin tsara da tsara, kowa ya koma fuskantar kasuwar zamaninsa. Abin da aka yi don rage dukan shi ne raba asusun gida-gida a 2018. A tsarin da aka fara da shi, gida na biyu, inda ake sa 'yan ƙasa da shekara 50, yana iya kai kashi 55 a kadarori masu hawa da sauka. Na uku, na 'yan 50 zuwa sama, kashi 20. Na huɗu, na waɗanda suka yi ritaya, kashi 10. Hikimar ita ce ba a fafe gora ranar tafiya, a fitar da mutum daga kasuwa a hankali tun kafin ya buƙaci kuɗin. Akwai kuma gida na shida ga wanda ba ya son ruwa, sai ka nema a rubuce wurin kamfanin fanshonka.

Hajiya Rabi Tarauni:
Akwai wani ƙullin da ya fi duk waɗannan cin mutanenmu, wato gado. Hannun jarin mamaci yana iya yin daraja a allo amma magada ba za su iya sayar da ko ɗaya ba. Rabon da alƙali ya yi bai wadatar da magatakardan kamfani ba, za su nemi takardar shaidar rasuwa da takardar izinin kula da dukiyar mamaci daga sashen gado na babbar kotu, da asusun banki da sunan magada, sannan a mayar da hannayen sunan masu kula a CSCS. Kowane kamfani da nasa magatakarda, in marigayi ya sayi kamfani goma za a iya zagaya ofis biyar ko shida. Waɗanda suka saya a rububin 2005 zuwa 2008 da yawa sun yi amfani da sunaye iri-iri, wani da sunan gari, wani da laƙabi, yanzu ba su dace da BVN ba. Ribar da ta shekara shida ba a karɓa ba kuma, dokar kuɗi ta 2020 ta ce a mayar da ita wani asusun amana da gwamnati ke rance daga ciki, kodayake mai ita na iya nema ko yaushe.

Injiniya Bashir Sharaɗa:
A 2024 ma an sake ɗaga jarin bankuna: biliyan 500 ga masu reshe a waje, 200 na ƙasa, 50 na yanki, aka ce ribar da aka tara ba ta shiga lissafi, sai sabon kuɗi. Kasuwar aka sake komawa. Duk wanda zai saya ya buɗe rahoton shekara na bankin ya duba abu uku: kason bashin da ya ruɓe, nawa ne na ajiyarsa ke hannun manyan masu ajiya ashirin na farko, da nawa ya ba da bashi a dala ga masu samun kuɗinsu a naira.

Sadiq Hotoro:
Injiniya, na biyun ba kowane rahoto ke fito da shi a fili ba. A wane shafi ake dubawa?

Injiniya Bashir Sharaɗa:
Can baya, cikin bayanan kula da haɗari. Nemi jadawalin da ya jera ajiya da bashi bisa wa'adinsu: wata ɗaya, wata uku, wata shida, shekara, sama da shekara. Ka cire abin da zai shigo daga abin da za a iya nema a layin wata ɗaya, ka gwada giɓin da tsabar kuɗi da takardun gwamnatin da bankin ke riƙe da su. In ba su kawo na manyan masu ajiya ba, duba rabon ajiyar tsakanin kamfanoni da ɗaiɗaikun mutane, ta kamfanoni ita ke fara gudu.